Ƙarfe ko Zare: Abin da Na Gani a Jinyar Mahaifina Bayan Tiyatar Fankiriyas

Ranar da aka fara buɗe bandejin cikin mahaifina, kwana biyu bayan an yi masa tiyata, abin da na gani ya sa gabana ya faɗi. Jerin ƙananan ƙarafa ne suka dafe fatarsa tun daga ƙarƙashin haƙarƙarin dama har zuwa na hagu, irin waɗanda sitefula ke haɗa takardu da su a ofis, kuma da na ƙirga daga baya na samu guda 34. Ban taɓa sanin ana rufe cikin ɗan Adam da wani abu ban da zare ba. Shi kuwa Baba, da ya ɗago kai da ƙyar ya leƙa, sai ya ce wa ma'aikaciyar jinyar, "Sista, ashe zif kuka sa mini." Aka yi dariya aka wuce. Bayan kwana huɗu wurin ya tara mugunya, mu kuma 'ya'yansa da ƙannensa muka ɗora laifin gaba ɗaya a kan ƙarafan nan, har muka kusa yin abin kunya a gaban likitan da ya tsaya awa bakwai a kan mahaifinmu. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan ke nan, domin wanda zai yi jinyar nasa bayan irin wannan aiki ya san abin da ke gabansa tun daga karɓar kati har zuwa ranar da miki zai rufe.

Ciwon ya soma ne da abin da kowa a gidanmu ya kira shawara. Idanun Baba suka yi ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, bayan gidansa ya yi fari-fari, ga ƙaiƙayin da ke hana shi barci har yana ajiye totuwar masara a gefen shimfiɗa don susa. Shekararsa 63, kuma shekara biyu kafin nan an ce yana da ciwon sukari, abin da ba mu taɓa haɗa shi da wannan ba sai da likita ya gaya mana cewa sukarin da ya zo wa mutum da girma haka wani lokaci yakan zama alamar farko ta matsala a fankiriyas, tsokar da ke daidaita sukari a jiki. Mako uku muka ɓata muna ɗura masa jiƙon rawaya da sauran jiƙe-jiƙe kafin muka kai shi babban asibitin garinmu. Gwajin ciwon hanta bai nuna komai ba, amma hoton ciki ya nuna hanyar ruwan madaciya ta kumbura, alamar wani abu ya toshe ta daga ƙasa. Nan take likitan ya rubuta mana takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, ya haɗa mana da sakamakon gwaje-gwajen. Duk wanda ya karɓi irin waɗannan takardu ya yi musu kwafi uku kafin ya kama hanya, domin kowane tebur ka je za a nema, wani kuma idan ya karɓa ba zai mayar ba.

A asibitin koyarwa matakin farko shi ne buɗe fayil a sashen ajiye bayanai, a je a biya kuɗi, a dawo da rasit, sannan a ba ka kati. Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne likitocin tiyatar ciki rana ɗaya suke ganin masu zuwa daga waje a mako, mu kuwa mun iso washegarin ranarsu, don haka muka yi kwana shida a gidan wani ɗan'uwa muna jira. Ranar da ta zagayo mun je tun bayan sallar asuba, ba a kira mu ba sai bayan la'asar. Aka rubuta mana hoton CT na ciki, irin wanda ake yi wa mutum allurar wani ruwa don jijiyoyi su fito sosai. Muka je da Baba bai karya ba kamar yadda aka umarta, aka dawo da mu saboda ba mu zo da sakamakon gwajin ƙoda ba, kuma ba a yin allurar sai an tabbatar ƙoda za ta iya ɗauka. Hoton kaɗai ya ci sama da naira 100,000. Da sakamakon ya fito, babban likitan ya juya bayan wata takarda ya zana mana abin da ke ciki. Ya ce fankiriyas ba saifa ba ce, kamar yadda dangi suka riƙa faɗa a waya. Wata tsoka ce kwance a bayan tumbi, tsawonta bai kai taƙi guda ba, ita ke samar da insulin da ke daidaita sukari, ita ke kuma zuba ruwan da ke narkar da abinci a hanji. Ƙari ya fito a ɓangarenta da ake kira kai, daidai inda hanyar madaciya ke ratsawa, ya shaƙe hanyar.

Saboda shawarar ta yi yawa a jininsa, ga shi kuma layin masu jiran tiyata ya kai mako shida, aka yanke shawarar a fara buɗe hanyar da ɗan bututun roba. Ana zura na'ura mai kyamara ta baki har farkon hanji, daga can a cusa bututun cikin hanyar madaciya. A lokacin na'urar asibitin ba ta aiki, sai aka tura mu wata cibiya mai zaman kanta a wani gari, muka biya kusan ninki huɗu na kuɗin hoton. Cikin mako guda ƙaiƙayi ya lafa, idanu suka fara washewa, Baba ya nemi tuwo da kansa. Likitan da ya sa bututun ya ce da ni, "Malam, ka tabbata masu tiyata sun san an sa wannan, da ranar da aka sa shi." Na ɗauka tsarin aiki ne kawai, na miƙa takardar a fayil na manta. Ashe wannan ɗan bututun da ya ba mu sauƙi shi ne rabin labarin abin da zai same mu daga baya.

Kwana huɗu kafin ranar aikin aka ba mu gado. Aka ce mu tanadi jini leda huɗu, wato mu kawo mutum huɗu su bayar. Mun kawo shida aka mayar da biyu, ɗaya jininsa bai kai ba, ɗayan kuma gwaji ya nuna yana ɗauke da ciwon hanta bai sani ba. Likitan allurar barci ya zo ya duba zuciya da huhu, aka dakatar da ƙwayoyin sukari aka koma allurar insulin, aka miƙa mana doguwar takardar kayan da za mu sayo. Kafin mu haɗa kuɗin ajiya sai da shanu biyu da wani fili suka tafi. Daga nan aka kawo takardar amincewa. Da Turanci take, ni na karanta ina fassara wa Baba, shi kuma ya sa hannu da ajami. Aikin sunansa Whipple, sunan wani likitan Amurka, Allen Whipple, wanda ya bayyana shi a 1935. Ana cire kan fankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da madaciya, da ƙarshen hanyarta, wani lokaci har da wani yanki na tumbi, sannan a ja hanji a yi haɗi uku: ɗaya da ragowar fankiriyas, ɗaya da hanyar da ke saukowa daga hanta, ɗaya da tumbi. A cikin takardar an jera abubuwan da za su iya faruwa, akwai zubar jini, akwai yoyo daga wurin haɗi, akwai harbuwar miki, akwai mutuwa. Idona a kan na ƙarshen ya tsaya, na tsallake harbuwar miki kamar ba komai ba ce. A daren na fito da reza zan aske masa gashin ciki don in rage wa ma'aikata aiki, sai wata sista ta ce, "Malam, ajiye rezar nan, don Allah." Ta ce reza tana barin ƙananan yanka da ido ba ya gani, ƙwayoyin cuta su kwana a ciki, kuma idan askin ya zama dole da inji za a yi a ɗakin tiyata. Abin da ta nema kawai shi ne ya yi wanka da sabulu. Daga baya na ga wannan yana cikin ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 kan kare mikin tiyata, tare da cewa a yi wa mutum allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa biyu kafin a tsaga shi.

An shiga da shi ƙarfe takwas na safe, ba a fito da shi ba sai wajen uku da rabi. Ba ni da abin faɗa kan waɗannan awoyi, ban da cewa na ja carbi har yatsana ya yi zafi. Ya kwana biyu a sashen kulawa ta musamman, inda kuɗin kwana ɗaya ya fi na mako guda a babban ɗaki, sannan aka dawo da shi da roba a hanci, da robar fitsari, da wasu robobi biyu da suka fito ta gefen ciki suna ɗiga cikin leda.

Da na ga ƙarafan, sai na tare ƙaramin likitan da ke zagayen dare na tambaye shi dalilin da ya sa ba a yi ɗinki ba. Ya ce an yi, ni ne ban gani ba. Bangon ciki kamar babbar riga mai shafi yake, hawa-hawa ne, kuma hawan da ke riƙe da hanji shi ne wani tantani mai ƙarfi da ke ƙarƙashin kitse, wanda aka ɗinke da zare mai kauri da ke daɗewa watanni kafin ya narke. Fata marufi ce kawai a sama. Ita fatar ana iya rufe ta da ƙarfe kamar na Baba, ko da zaren nailan da ake ɗaure shi ɗaya-ɗaya a waje a cire daga baya, ko kuma da siririn zare da ake bi da shi a ɓoye ta ƙarƙashin fata ya narke da kansa, ba a ganin komai sai layi. Ya ce ƙarfe ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma dattijon da ya yi awa bakwai a cikin barcin allura ba a son ƙara masa ko minti ashirin ba tare da dalili ba. Na gyaɗa kai, amma a raina ban gamsu ba.

Da yammacin kwana na biyar jikinsa ya ɗan yi zafi. Baba ba ya kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, sai ya ce, "Kai, zo ka duba nan, zogi yake yi mini." Na ɗaga rigarsa na ga bandejin ya ɗan jiƙe a ƙarshen dama, tabon bai wuce faɗin kwabo ba, launinsa ruwan ƙasa-ƙasa. A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna: na ga dare ya yi, ma'aikata biyu ne a kan gadaje fiye da ashirin, na ji nauyin in tashe su a kan ɗan tabo, na ce bari gari ya waye. Da safe, da aka buɗe, fatar wurin ta yi ja, ta kumbura tana sheƙi, ko ba ka taɓa ba kana jin ɗuminta. Likita ya sa safar hannu ya danna gefe, sai ga mugunya ta ɓullo tsakanin ƙarfe biyu. Ya ɗauko wani abu kamar hantsaki ya zare ƙarafa shida ɗaya bayan ɗaya, bakin ya buɗe, abin da ya fito ya kai rabin kofin shayi, da wari irin wanda ba a mantawa. Ya dangwali kaɗan da tsinke mai auduga ya sa a kwalba, ya ce in kai ɗakin gwaji a shuka a ga ƙwayar cutar da za ta tsiro da maganin da ke kashe ta, sakamako sai bayan kwana uku. Sannan ya zura yatsa cikin ramin yana lalube, ya ɗago ya ce, "Alhamdu lillahi, ƙasa lafiya lau take." Ya wanke da ruwan gishirin asibiti, ya cusa ƙyalle mai laima a ciki, ya rufe da bandeji ba tare da ya mayar da ko ƙarfe ɗaya ba. Sai da na fita baranda na zauna a ƙasa, domin jiri ya kwashe ni.

Kafin azahar labari ya kai gida, kafin magariba ya dawo da ƙari. Wasu suka ce ƙarfen ne ya yi tsatsa a jikinsa. Wasu suka ce masu kuɗi ake yi wa zare, talaka kuwa a dafe shi da ƙarfe kamar kwali. Ba zan ɓoye ba, ni ma abin ya shige ni, tunda da ma zuciyata ba ta kwanta da ƙarafan ba. Baffa, ƙanen Baba, ya yi sammako ya zo ya tsaya har babban likita ya iso zagaye, ya ce, "Likita, ranka ya daɗe, mu ba mu raina ƙoƙarinku ba, amma da zare kuka sa wa yayana da ba mu ga wannan ba." Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Likitan ya jawo kujera ya zauna, ya ce, "Alhaji, da zare na sa, mai yiwuwa da yau ma nan muke tsaye, sai dai da na yanke zaren ɓoye da bakin ya fi haka buɗewa, tunda zare ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Yanzu shida na cire, 28 suna nan suna aikinsu." Ya ce ƙarfen ba ya tsatsa, kuma ba daga sama cutar ta shiga ba, daga ciki ta fito. Ruwan madaciyar mai lafiya ba shi da ƙwayoyin cuta, amma da zarar an sa bututu ta hanji, ƙofar da ke tsakaninsu ta zauna a buɗe, ƙwayoyin hanji su hau su zauna a ciki. Ranar tiyata dole a yanke hanyar, kuma komai kiyayewa ruwan yana iya taɓa bakin yanka. A haɗa da sukari, da ramar da Baba ya yi ta kusan kilo goma, da daɗewar ciki a buɗe, to miki ya samu abokan gaba huɗu kafin a zo maganar marufi. Ya ƙara da cewa bututun ba kuskure ba ne, domin barin mutum mako shida da irin wannan shawara ya fi haɗari. Da sakamakon gwaji ya fito, ƙwayar da ta tsiro a mugunyar ita ce dai wadda ta tsiro a ruwan madaciyar da suka ɗiba ranar aiki, kuma ba ta jin maganin da aka fara ba shi. Aka canza masa wata allura ta kwana bakwai mai ɗan karen tsada.

Ni malamin makaranta ne, ba na iya barin magana a inda aka ajiye mini ita, don haka a dararen jinyar na riƙa karatu a waya, ƙaramin likitan nan yana nuna mini inda zan duba. A 2013 an wallafa wani bincike da aka yi a asibitoci 24 a Japan, kan mutum fiye da 1,000 da aka buɗe musu ciki don aikin tumbi ko hanji, aka raba su biyu, wasu zaren ɓoye wasu ƙarfe. Matsalar miki ta samu kashi 8.4 cikin ɗari na masu zare da kashi 11.5 na masu ƙarfe, tazarar da masu binciken suka ce ba ta kai a yanke hukunci da ita ba. Wani kuma da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitocin Amurka da Kanada kan masu aikin Whipple kansu, ya nuna cewa canza irin allurar da ake yi kafin a tsaga mutum ya sauko da harbuwa daga kusan kashi 33 zuwa kusan kashi 20. Wannan na biyun ya fi tsaya mini a rai ta fuska biyu: ko a ƙasashen da ba a ɗauke wuta, mutum ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku yana gamuwa da wani nau'in harbuwa bayan wannan aiki, sannan abin da ya kawo babban bambanci allura ce da ba mu ma san an yi ba, ba marufin da muka zuba wa ido ba. Ban ce zare ba shi da fifiko ba. Tabonsa ya fi kyau, ba a dawowa cirewa, kuma da za a ba ni zaɓi a kan ƙaramin aiki mai tsabta shi zan ɗauka. Amma a gadon da ke kallon namu akwai wani bawan Allah da aka yi wa aikin hanji da zaren ɓoye, nasa ma ya yi ruwa, kuma na ga yadda rabin layin ya saki da aka yanke zaren.

Abin da likitoci suka fi damuwa da shi a kwanakin nan ba ramin da muke gani ba ne. Harbuwa hawa uku ce: ta fata da kitse, ta tantanin da ke ƙasa, da ta can cikin ciki inda aka yi haɗi. Ta Baba ta farkon ce, wadda babban maganinta shi ne a buɗe a bar mugunya ta fita, amma wani lokaci mugunyar sama saƙo ce daga ƙasa, musamman idan haɗin fankiriyas yana yoyo, domin ruwanta da ke narkar da nama a hanji ba ya bambanta naman miya da naman mai shi. Shi ya sa tun kwana na uku suke ɗibar ruwan da ke ɗiga a leda suna aunawa, kuma da miki ya harbu suka sake aunawa suka ƙara da hoton ciki don ganin ko ruwa ya taru. Duka suka fito lafiya, aka cire robobin ɗaya bayan ɗaya. Sistar da ta hana ni reza ta ja ni gefe ta ce idan na taɓa ganin ruwa mai yawa, tsararo, mai launin ruwan wankin nama ya jiƙa bandeji farat ɗaya, kada in jira safiya ko da ƙarfe biyun dare ne, domin alama ce ta ɗinkin ƙasa yana saki.

Daga nan sai wankin miki, safe da yamma a makon farko, sannan sau ɗaya a rana. Kowane wanki da kayansa, safar hannu da ƙyalle da ruwan gishiri da filasta, wajen naira 3,000 zuwa 4,000, kuɗin da ba ka jin fitarsa sai ka tara rasit. Wahalar da ta fi wannan ita ce ta masu dubiya. Kowa da maganinsa: wannan ya ce a fasa kafso a barbaɗa garin a ciki, wancan ya ce zuma, wata gwaggo ta zo da garin bagaruwa a ƙulle a leda. Akwai wanda ya kai hannu zai ɗaga bandeji don ya gani da idonsa. Na koyi cewa "likita ya hana" da murmushi, na ajiye sabulu da buta a bakin gado, na daina jin kunyar cewa a wanke hannu. Sukari kuma ana auna shi sau huɗu a rana, domin idan ya hau miki ba ya cikowa. Abinci ya zama wani yaƙin, tunda tumbin bai dawo aiki da wuri ba, loma uku ya ce ya ƙoshi, ga shi nama ba ya tsirowa sai da ƙwai da kifi da wake da nono. Aka rubuta masa kafson Creon da ake sha tare da abinci don ya maye gurbin ruwan narkarwar da ya ragu. Da Baba ya ji daga jikin alade ake samar da shi sai ya ture, har sai da malamin unguwarmu ya yi masa bayanin hukuncin larura a waya sannan ya karɓa.

A kwana na 14 aka cire rabin ƙarafan da suka rage, ana cire ɗaya a bar ɗaya, bayan kwana biyu aka kwashe sauran. Ba a yi masa allurar kashe zafi ba, ya ce bai wuce cizon cinnaka ba. Aka sallame mu a kwana na 21 da rami a buɗe, abin da ya tayar wa mahaifiyata hankali, domin a ganinta ba a sallamar mutum da ciki a buɗe. Ba a sake ɗinke irin wannan miki da wuri, daga ƙasa yake cikowa zuwa sama, idan aka rufe bakinsa mugunya za ta sake taruwa. Kafin mu fito na karɓi takardar sallama, da kwafin sakamakon shukar, da rubutaccen bayanin yadda ake wankin, na kai wa ma'aikacin cibiyar lafiya ta unguwarmu wanda ya ci gaba da yi. Kullum ina ɗaukar hoton wurin da waya tare da rular ɗalibai a gefe, kuma wannan ya yi mana amfani, domin ido da ke kallon miki kowace rana ba ya ganin raguwarsa. Lafiyayyen nama ja ne jawur mai ƙurji-ƙurji, yana ɗan fitar da jini idan an goga, mu da farko mun ɗauka wani ciwon ne. Sallah a zaune ya riƙa yi, wanka kuma goge jiki ne da tsumma, idan zai yi tari ya rungume matashi a ciki. Sakamakon naman da aka cire ya fito bayan mako uku, ya tabbata daji ne, kuma ana buƙatar kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji. A nan na gane ainihin tsadar harbuwar miki, domin ba a fara kemo da miki a buɗe, likitocin daji kuma suna son a fara kafin mako 12 ya cika. Namu ya rufe a mako na bakwai, aka fara a na goma.

Da za a mayar da ni ranar da na fassara takardar amincewa, ba zan ɓata bakina kan ƙarfe ko zare ba sai a ƙarshe, shi ma don in san ranar cirewa. Zan tambaya ko bututun da aka sa ya canza irin allurar da za a yi kafin aiki, ko za a ɗebi ruwan madaciya a shuka, nawa ake son sukari ya tsaya, da abin da zan ciyar da shi a makonnin jira, waɗanda muka ɓata muna murnar ya koma cin tuwo. Zan ware kuɗin jinyar miki daban tun farko, domin a cikin sama da naira miliyan 3 da muka kashe, abin da ya biyo bayan kwana na shida ba ya cikin lissafin kowa. Kuma zan tashi ma'aikaciyar dare a kan tabo mai faɗin kwabo, ko da za ta harare ni.

Yanzu idan Baba ya ɗaga riga, ɓangaren hagu siririn layi ne da ɗige-ɗige a gefe biyu kamar zanen zabo, inda ƙafafun ƙarfen suka shiga. Ɓangaren dama kuwa, inda aka cire shidan nan, tabo ne mai faɗin yatsa biyu, ya ɗan lotsa ciki. Duk zuwan da muka yi, nan likita ke ɗora tafin hannunsa ya ce, "Baba, yi tari," yana duba ko ƙaba ta fara fitowa, domin mikin da ya taɓa harbuwa ya fi saurin yin ta. Zuwa yanzu bai ji komai ba. Ya hana shi ɗaukar buhu da jan guga, ya rubuta mana mu dawo bayan wata uku da sabon hoto.